Wa Ke Zaɓa Idan Muka Je Sayayya: Mu, Ko Wanda Ya Jera Mana Kayan?

A watan Satumba na 2025 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 domin a rufe ƙarar da Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta shigar a kansa tun 2023. Dala biliyan 1 tara ce, sauran biliyan 1.5 kuma na mayar wa mutane ne. Zargin hukumar shi ne kamfanin ya tsara shafinsa yadda mutum zai faɗa rajistar Prime, wato tsarinsa na saurin kai kaya da kallon finafinai, wadda ake cirar kuɗinta lokaci bayan lokaci, ba tare da ya ankara ba, idan kuma ya tashi fita sai ya tarar da hanya mai nisa: shafi 4, danni 6, zaɓi 15. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya dai biya.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba wanda ya kama hannun mutum ya danna masa maɓalli, rashin kulawarsa ce ta ja masa. Wasu kuma su ce ai kamfanonin zamani sun gama da mu, sun san abin da za mu saya tun kafin mu sani, zaɓi suna ne kawai ya rage. To idan mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba, ko ya biya fiye da yadda ya ƙudurta, alhakin yana wuyan wa? Kuma me ke gudana a zuciyar mai saye tsakanin ganin kaya da miƙa kuɗi?

A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Mai saye yana da hankalinsa, kuma shi ne ke yanke hukunci. Amma hukuncin nan ba a fili yake yanke shi ba, a cikin ɗakin da wani ya gina ya jera kayan ciki yake yanke shi, kuma mai ginin ya auna inda ƙafa ta fi saurin zamewa.

## Mai sayen cikin littafi da mai sayen cikin kasuwa

Shekaru masu yawa littattafan tattalin arziki sun riƙa zana mai saye a matsayin mutumin da ya san duk abin da yake so, ya san farashin kowane kaya a kowane wuri, ya zauna ya yi lissafi ya ɗauki wanda ya fi masa amfani. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya ce irin wannan mutum babu shi. Lokaci bai isa ba, bayanai ba su cika ba, ƙwaƙwalwa kuma tana da iyaka. Abin da mutum ke yi a zahiri shi ne ya duba har ya gamu da abin da ya ishe shi, ya tsaya a nan.

Wannan ba gazawa ba ce. Wanda zai gwada kowane sabulu da ke duniya kafin ya sayi ɗaya ba zai taɓa wanka ba. Don haka ƙwaƙwalwa take bin gajerun hanyoyi: abin da na saya jiya ya yi min kyau, zan sake, abin da mutane suka yi wa layi akwai dalili, mai tsada ya fi inganci, tunda araha ba ta ado. Sau da yawa waɗannan hanyoyi suna kai mutum gida lafiya. Matsalar ita ce hanyar da kowa ke bi kullum ita ce ta fi sauƙin ɗana wa tarko.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, su ne suka nuna cewa kura-kuranmu ba barkatai suke ba. Suna da tsari, suna karkata gefe guda, ana iya hasashensu. Abin da ake iya hasashe kuwa ana iya gina kasuwanci a kansa.

## Turken farashi

Dabbar da aka ɗaure a turke tana da 'yancin zagayawa, iya tsawon igiyarta. Haka lambar farko da ido ya gani take yi wa tunanin mai saye.

A wani gwaji da suka wallafa a 1974, Tversky da Kahneman sun juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, an riga an saita shi ya tsaya a kan 10 ko 65. Daga nan aka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne daga Afirka. Waɗanda faifai ya nuna wa 10, matsakaiciyar amsarsu 25. Waɗanda ya nuna wa 65 suka ce 45. Kowa a cikinsu ya ga cewa lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar, amma duk da haka ta ja su.

Idan lambar da ba ta da ma'ana za ta yi wannan aiki, ina ga lambar da aka rubuta a jikin kaya aka ja mata layi a tsakiya, aka rubuta wata ƙarama a ƙasanta? Daga wannan lokaci mai saye ya daina tambayar kansa ko kayan sun kai kuɗin da ake nema. Ya koma lissafin nawa aka rage masa. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne ga kayan da mutum ya saba saye kullum. Ga katifa ko firiji ko agogo, waɗanda ake saye sau ɗaya cikin shekaru, ido bai san kima ba, aron ta yake yi daga lambar da aka fara nuna masa.

Akwai wani labari da ya kamata masu zargin 'yan kasuwa kaɗai su tsaya su saurara. A 2012 Ron Johnson, wanda ya kafa shagunan Apple kafin ya zama shugaban kantunan J.C. Penney a Amurka, ya yanke shawarar daina wasan rangwame. Kafin zuwansa kamfanin ya yi shelar rangwame sau 590 a shekara guda, kuma kusan babu abin da ake sayarwa a kan cikakken farashin da aka rubuta. Ya ce a bar ɗaga farashi don a rage shi, a rubuta na gaskiya mai sauƙi tun farko. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar, aka sallame shi a watan Afrilu na 2013, kamfanin ya koma tsohon salo. An ba masu saye gaskiya suka juya mata baya. Ashe daɗin jin "na ci riba" yana cikin abin da suke biya, wani lokaci ma ya fi kayan daɗi. Wannan ya nuna cewa ɗan kasuwa mai son gaskiya shi kaɗai ba zai iya gyara kasuwa ba matuƙar maƙwabtansa suna ci gaba da wasan.

Turke yana da 'yan'uwa. Akwai farashin da ke ƙarewa da 99, wanda ke aiki saboda ido yana fara karanta lambar hagu ya ajiye ta kafin ya kai ƙarshe, sai 4.99 ta zauna a kai kusa da 4. Akwai kuma abin da zan kira ɗan rakiya, wato kayan da aka ajiye ba don a saye su ba, sai don su haska na kusa da su. A ce akwai waya iri biyu, ƙarama mai sauƙin kuɗi da babba mai tsada, mutane sun rabu tsakaninsu. Sai a kawo ta uku wadda kuɗinta ya kusa na babbar amma ba ta kama ƙafarta ba a inganci. Ba mai sayenta, amma yanzu babbar ta zama garaɓasa. Joel Huber da John Payne da Christopher Puto ne suka fara nuna wannan a 1982.

## Zafin asara da zafin biya

Ginshiƙin aikin da Kahneman da Tversky suka fitar a 1979, wanda ya kai Kahneman ga Nobel a 2002, shi ne cewa asara ta fi riba nauyi a zuciya. Ƙiyasin da suka yi daga baya ya nuna zafin rasa wani adadi ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Richard Thaler, wanda shi ma ya samu Nobel a 2017, ya gwada wannan tare da Kahneman da Jack Knetsch: aka raba wa rabin ɗalibai kofuna kyauta, aka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofi suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Mintuna kaɗan da mallaka sun isa su ɗaga darajar abu a idon mai shi.

A nan ne hikimar "gwada kyauta na wata ɗaya" take. Kafin gwajin, tambayar ita ce ko zan saya. Bayan wata guda ta zama ko zan yarda a karɓe min. Haka agogon da ke ƙirga mintuna a shafi, da rubutun da ke cewa saura biyu kacal. Duka suna juya saye ya koma hanyar tsere wa asara, kuma mai gudu ba ya tsayawa kwatanta farashi.

Shi kansa biyan kuɗi yana da zafi, kuma wannan zafin birki ne. Wanda ya ƙirga takardun kuɗi da hannunsa ya ga aljihu ya rage, jikinsa ya gaya masa. A 2001 Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT sun ba da rahoton gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando da suka yi wa ɗalibai. An ce wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu da katin bashi. Tayin masu kati ya kai kusan ninki biyu.

Idan aka duba tarihin kasuwancin zamani da wannan ido, za a ga dogon aikin kwance birki ne. Daga tsaba zuwa kati, daga kati zuwa taɓa waya, daga nan zuwa danni ɗaya, dabarar da Amazon ya yi wa rajistar mallaka a 1999. Sai kuma tsarin "ɗauki yanzu, biya daga baya", irin na Klarna da Afterpay, wanda ke raba kuɗi gida huɗu ya nuna maka rubu'in da manyan baƙaƙe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauƙi ne na gaske, ba na musun haka. Amma bashi ne ko da an sauya masa riga, kuma wanda ya ɗauki irinsa guda biyar a wurare daban-daban ba shi da takarda ɗaya da za ta haɗa masa jimilla.

Biyan wata-wata ya fi duka kwance birkin, domin bayan ranar farko babu sauran ranar yanke hukunci. Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier sun bi bayanan wasu gidajen motsa jiki a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2006. Masu biyan fiye da dala 70 a wata suna zuwa sau 4.3 a wata bisa matsakaici, wato kowane zuwa ya kama musu sama da dala 17, alhali akwai tikitin zuwa 10 da ke kamawa dala 10 kowane zuwa. Mutanen nan sun sayi rajistar ne wa mutumin da suke fatan zama, wanda zai riƙa zuwa kullum. Wannan fata kyakkyawa ce, kuma ita ake ci.

## Abin da intanet ta sauya

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da yake sabo. Tun da aka fara ciniki mai sayarwa ke ɗaga farashin farko, yana cewa wani ya riga ya taya. Abin da ya sauya shi ne awo.

Ɗan kasuwar da ke zaune a gaban kayansa yana koyo daga fuskokin da ya gani da abin da ya iya tunawa. Shafin intanet yana raba baƙinsa gida biyu ba tare da sun sani ba, ya nuna wa rabi maɓalli iri ɗaya, rabi wani iri, ya ƙirga wanne ya fi kawo ciniki, ya riƙe shi, ya shiga gwaji na gaba. Google ya taɓa gwada launin shuɗi iri 41 don gano wanda aka fi dannawa. Shafin kama ɗakunan otal na Booking.com yana gudanar da gwaje-gwaje sama da 1,000 a lokaci guda. Abin lura shi ne wannan awo ba ya tambayar dalili. Idan kalmar da ta rikita mutum ta fi kalmar da ta fahimtar da shi kawo kuɗi, mai rikitarwar ce za ta ci gwajin, ko da babu ma'aikaci ɗaya da ya zauna da niyyar yaudara. Mai saye yana shiga da gajiyarsa ta yini guda, yana fuskantar shafin da miliyoyin mutane suka goge kafin shi.

A 2010 wani masanin tsara shafuka ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya raɗa wa munanan irin waɗannan tsare-tsare suna, ya fara tattara su. A Hausa za mu iya kiransu tarkon shafi: akwatin da aka riga aka yi maka alama a ciki, maɓallin "na yarda" babba mai haske da na "a'a" ƙarami a lungu, ƙofar shiga mai faɗi da ta fita mai ƙunci. Masu bincike a jami'ar Princeton sun bi shafukan sayayya kimanin 11,000 a 2019 suka samu irin waɗannan tarkuna 1,818. A farkon 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta ba da sanarwar cewa cikin kantunan intanet 399 da aka duba, 148 suna da aƙalla tarko ɗaya, 42 kuma suna da agogon ƙarya, wanda lokacinsa zai ƙare amma rangwamen yana nan.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne farashi mai ɗiga. A nuna maka adadi a farko, ka zaɓa, ka cike sunanka da adireshi, sai a shafin ƙarshe kuɗin hidima ya ɓullo, sai na sarrafawa, sai na wani abu. Kamfanin sayar da tikiti na StubHub ya gwada wannan a kan baƙinsa a 2015: wasu sun ga cikakken farashi tun farko, wasu sai a ƙarshe. Na biyun sun kashe kusan kashi 21 cikin 100 fiye da na farkon. Dalilin a fili yake. Mutum ya riga ya sa rai, ya riga ya ɓata lokaci, komawa baya ya zama asara. Illar ba ta tsaya a kan mai saye ɗaya ba, domin idan farashin farko ba shi ne na gaskiya ba, kwatanta shago da shago ya zama aikin banza, kuma kwatancen nan shi ne ke tilasta wa 'yan kasuwa gasa.

Ɗan'uwansa a kantin zahiri shi ne tauye mudu: farashi yana nan, kwalin yana nan, abin ciki ya ragu. Mutane suna riƙe farashi a ka, ba sa riƙe nauyi. A 2016 masu cakulan Toblerone sun faɗaɗa giɓin da ke tsakanin tsinukansa a Birtaniya, mai giram 170 ya koma 150. An gane ne saboda siffar ta sauya. Mafi yawan irinsa ba a ganewa.

Sai maganar shaidar jama'a. George Akerlof ya bayyana a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, yadda kasuwa ke lalacewa idan mai sayarwa ya san ingancin kaya mai saye bai sani ba. Taurari da sharhin waɗanda suka riga suka saya sun zo a matsayin maganin wannan, kuma suna da ƙarfi: Michael Luca na Harvard ya samu cewa ƙarin tauraro ɗaya a shafin Yelp, inda jama'a ke ba wuraren kasuwanci maki da taurari, yana ɗaga cinikin gidan abinci da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Duk abin da ya yi daraja haka sai an yi jabunsa. Amazon da kansa ya ce ya tare sharhi sama da miliyan 200 da yake zargin na bogi ne a shekarar 2020 kaɗai.

## Inda ake wuce gona da iri

Duk da haka bai kamata mu karɓi kowane labari irin wannan ido rufe ba, domin wannan fanni shi ma yana da nasa tallan.

Mafi shaharar misali shi ne gwajin da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000. A wani kanti a Kalifoniya an ajiye teburin ɗanɗana jam, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari da ake shafa wa burodi, wani lokaci iri 24, wani lokaci iri 6. Cikin waɗanda suka tsaya a babban tebur kashi 3 cikin 100 ne suka saya, a ƙaramin kuwa kashi 30. Labarin ya zagaya duniya a matsayin hujjar cewa yawan zaɓi yana hana saye. A 2010 Benjamin Scheibehenne da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 50 a kan wannan batu, sai matsakaicin tasirin ya fito kusan sifiri. Wani wuri yawan zaɓi yana kashe gwiwa, wani wuri yana ƙara sha'awa. Ya danganta da ko mutum ya san abin da yake nema da kuma ko kayan suna da sauƙin kwatantawa.

Yawancin waɗannan dabaru suna karkatar da mutum ne a kan gaɓa, lokacin da yake tsakanin e da a'a. Ba sa sa wanda ba ya son mota ya sayi mota. Abin da ya fi yanke hukunci har yanzu shi ne kuɗin da ke hannu, buƙata, sabo, da abin da na kusa da mutum suke amfani da shi. Sai dai kashi 2 cikin 100 na mutum miliyan 100 mutum miliyan 2 ne, shi ya sa abin da ya yi ƙanƙanta a wurin mutum ɗaya yake zama dukiya a wurin kamfani.

Akwai kuma zaton cewa talaka ne ya fi saurin ruɗuwa. Binciken Anuj Shah da Eldar Shafir da Sendhil Mullainathan na 2015 ya nuna akasin haka a wasu fuskoki: mai ƙaramin ƙarfi yana auna kowane kuɗi da abin da zai rasa idan ya kashe shi, don haka adon da aka yi wa farashi bai cika jan sa ba. Amma wannan taka-tsantsan yana cin ƙarfi. A wani binciken na 2013, an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi, lokacin da hannu ya bushe, da bayan girbi. Mutum ɗaya ne, amma sakamakonsa a gwajin tunani ya fi kyau bayan kuɗi sun shigo. Damuwar rashi tana cinye wani ɓangare na hankali. Ga shi kuma mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi kaya kaɗan-kaɗan, wanda ya fi tsada idan aka auna, kuma kuskure ɗaya da mai hali zai manta kafin dare shi zai bi shi har ƙarshen wata.

## Masu cewa a bar kasuwa da masu cewa a sa doka

Masu kare kamfanoni suna da hujjar da ba za a yar ba. Suna cewa dole ne a jera kaya ta wata hanya, babu jerin da ba ya karkatar da ido. Suna cewa bayanan da ake tarawa su ne ke sa a nuna maka abin da ya dace da kai cikin miliyoyin kaya, kuma mai sayen yau yana iya kwatanta farashin shaguna goma cikin minti ɗaya, abin da kakansa bai taɓa mafarki ba. Suna kuma tsoron hukumar da za ta ɗauki baligi kamar yaro.

Masu neman doka suna amsawa cewa akwai bambanci tsakanin jan hankali da ɓatar da hankali. Ni ma a nan nake. Ma'aunin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne: da za a bayyana wa mai saye dabarar a fili, za ta ci gaba da aiki? Ka ce masa an sa kayan nan a gaba ne saboda sun fi fita, zai ce to. Ka ce masa agogon nan ƙarya ne, yana ƙarewa zai sake farawa, ciniki ya mutu. Dabarar da ba ta rayuwa sai a ɓoye ba gwanintar talla ba ce.

Dokokin da ake yi yanzu galibi wannan layi suke bi. Tun 2022, a Tarayyar Turai duk wanda ya yi shelar rangwame dole ya auna shi da mafi ƙarancin farashin da ya sayar cikin kwana 30 da suka wuce, kuma tun kafin nan mai saye ta intanet yana da kwana 14 na fasawa a yawancin kaya. Faransa, tun 1 ga Yuli 2024, ta wajabta wa manyan kantuna liƙa sanarwa idan an rage yawan kaya farashin awonsa ya hau. Birtaniya ta haramta ɓoye kuɗaɗen dole da sharhin bogi daga Afrilu 2025. A Amurka kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince a 2022 ya mayar da dala miliyan 245 kan zargin tsara maɓallai yadda 'yan wasa, har da yara, ke saye cikin kuskure. Amma tafiyar ba a miƙe take ba: ƙa'idar FTC da ta ce fita daga rajista ya zama da sauƙi kamar shiga, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a watan Yuli na 2025 saboda kuskure a matakan kafa ta.

## Abin da ya rage a hannun mai saye

Sanin sunan tarko ba ya hana shi kamawa. Kahneman da kansa ya sha faɗin cewa shekarun da ya yi yana nazarin waɗannan kura-kurai ba su raba shi da su ba. Abin da ke aiki shi ne mayar da birkin da aka kwance, tun kafin a shiga kasuwa: yanke adadin da za a kashe kafin a ga farashin kowa, don turken ya zama naka; barin kaya su kwana a kwando idan ba na gaggawa ba ne; cire lambar kati daga manhaja don a sake rubuta ta kowane saye; duba farashin giram ko lita maimakon na kwali; karanta sharhin masu tauraro 2 da 3, waɗanda ba a cika ƙirƙirarsu ba; da zama sau ɗaya cikin 'yan watanni a bi bayanan asusu a ga wa ke cirar kuɗi a kai a kai.

Dukkan waɗannan sun dogara ne da abu guda, cewa farashin da na gani shi ne wanda kai ma ka gani. Wannan ginshiƙi ne ya fara motsi. Tun a shekarar 2000 masu sayen faifan fim suka gano Amazon yana nuna musu farashi daban-daban, kamfanin ya ce gwaji ne ya mayar da kuɗi. A 2012 aka bayyana cewa shafin tafiye-tafiye na Orbitz yana sa otal masu tsada a gaba ga masu shiga da kwamfutar Mac, bayan ya lura sun fi kashe kuɗi. A watan Yuli na 2024 FTC ta umarci kamfanoni 8 su ba ta bayani kan manhajojin da ke daidaita farashi da bayanan mutum, kuma rahoton farko da ta fitar a Janairu 2025 ya ambaci abubuwan da ake iya amfani da su: inda mutum yake, abin da ya bincika a baya, kayan da ya bari a kwando, har da yadda yake motsa linzamin kwamfuta a kan shafi. Dokar Tarayyar Turai ta ce a sanar da mai saye idan na'ura ce ta yanka masa farashi na kansa. Ba ta ce a gaya masa nawa aka nuna wa na kusa da shi ba.